Dogo da Guntu: Yadda Siffofin Furotin OPA1 Ke Haɗe Tantanin Cikin Mitokondiriya, da Amfanin Sanin Haka a Masarautar Gumel

Tsakure

Maƙalar ta koma kan gardamar da ta raba kan masana: shin doguwar siffar OPA1 ta isa ita kaɗai ta haɗe tantanin cikin mitokondiriya, ko sai da guntuwa? Matsayinta shi ne doguwa na fara aikin, amma ba ya kammaluwa da sauri sai guntuwa ta sa hannu.

Gabatarwa

Mitokondiriya, wato sassan da ke samar wa ƙwayar halitta kuzari, ba sa zama wuri guda. Kullum cikin rabuwa da haɗewa suke, suna musayar abin da ke cikinsu, mai rauni ya samu tallafin lafiyayye. Kowace na da tantani biyu. Na waje furotin MFN1 da MFN2 ke haɗe shi, na ciki kuwa aikin OPA1 ne, dukkansu kuma da makamashin wani sinadari mai suna GTP suke aiki.

A shekarar 2000 aka gano cewa tawayar ƙwayar gadon OPA1 ce ke jawo shanyewar jijiyar ido ta gado, cutar da likitan Denmak Poul Kjer ya bayyana tun 1959. Yawanci tana farawa a ƙuruciya. Ido na nan garau, babu yana, babu hakiya, babu ja irin na amosani, amma gani na raguwa a hankali, launuka na rikicewa.

Bitar ayyukan baya da hanyar bincike

Furotin biyu masu aikin almakashi, OMA1 da YME1L, su ke yanke doguwar OPA1 daga gindinta da ke kafe a tantani, sai guntuwa ta fito. A 2007 ɗakin binciken David Chan ya nuna haɗewa na bukatar siffofin biyu. A 2014 Anand da abokansa na ɗakin Thomas Langer a Jamus suka musa. Sun cire OMA1 da YME1L daga ƙwayoyin ɓera, babu sauran guntuwa, amma mitokondiriya suka ci gaba da haɗewa. Har suka danganta guntuwar da rabuwa. Aiki ne mai tsafta, kuma da shi wannan maƙala ke ja. Sun tabbatar haɗewa na yiwuwa ba tare da guntuwa ba. Ba su raba aikin mataki-mataki ba, ballantana su gano inda yake tsaikowa.

An jera waɗannan ayyuka da gwaje-gwajen tantanin da aka ƙera a ɗakin bincike, aka tambayi kowanne: wane mataki ya auna?

Sakamako

A 2017 Ban tare da Ishihara a Japan suka nuna doguwar OPA1 a gefe ɗaya tana haɗe tantani matuƙar ɗaya gefen na da wani kitse mai suna kadiyolifin. Wannan ya yi kama da nasarar ɓangaren Langer.

Aikin Ge da Luke Chao na 2020 a Boston shi ya warware ƙullin. Sun riƙa kallon ƙullin kitse ɗaya-ɗaya yana sauka kan shimfiɗaɗɗen tantani, suka raba abin zuwa matakai: kamawa, matsowa kusa, haɗewar rabi inda leɓen waje na tantanin kawai ya cakuɗe, sannan buɗewar ƙofa har abin ciki ya ratsa. Doguwa ita kaɗai takan kai haɗewar rabi ba wahala, amma ƙofa ba ta cika buɗewa ba, in ta buɗe ma da jinkiri. Da aka zuba guntuwa daidai da yawan doguwa, ƙofa ta riƙa buɗewa da sauri kuma akai-akai. Da guntuwar ta rinjaya, aikin ya koma baya. Kamar ɗaukar jinka ne: hannu ɗaya zai iya ɗaga ta, amma sai an daidaita ta kowane gefe take zama kan bango.

Nan aka ga gaskiyar kowane ɓangare. Ƙwayoyin Anand sun samu isasshen lokaci, jinkirin bai fito a hoto ba. Sanin da aka yi cewa guntuwa na yawaita idan mitokondiriya ta galabaita, sai ta daddatse, shi ma ya dace da wannan: awon siffofin biyu shi ne linzamin.

Jijiyar ido na cikin sassan da suka fi cin kuzari, don haka jinkirin da wata ƙwaya za ta jure, ita zai iya kassara ta. Ga ma'aikacin lafiya a Gumel, Maigatari, Gagarawa ko Sule Tankarkar, abu biyu ke biyo baya. Cutar shanyewar jijiyar idon daga ɗaya cikin iyaye ake gadonta, kowane ɗa na da rabin yiwuwar ɗauka, saboda haka ba a nan za a ɗora wa auren zumunci laifi ba. Sannan etambutol, ɗaya daga magungunan tarin fuka huɗu na watanni biyun farko, an san yana taɓa jijiyar ido, an kuma ba da rahoton hakan ga mai tawayar OPA1. Tambayar ko akwai raunin gani tun ƙuruciya a dangi, da gwada gane launi kafin fara magani, ba sa bukatar na'ura mai tsada.

Iyakokin binciken

Ba a musun cewa ƙullin kitse ba mitokondiriya ba ne: ba shi da naɗe-naɗen ciki da OPA1 ke kula da su, kuma mutum na da nau'o'in wannan furotin takwas, gwajin bai game su duka ba. Ƙwayoyin da aka fi amfani da su ma na ɓera ne. Wanda ke son rushe wannan matsayi sai ya auna lokacin buɗewar ƙofa a cikin rayayyiyar ƙwayar jijiyar ido.