Gubar Da Ba Ta Ruɓewa: Haɗarinta Ga Masu Juna Biyu Da Masu Shayarwa

A Lafiya da kewayenta, inda ake noman doya, riɗi da shinkafa, mata na cikin masu aikin gona da adana amfani. Wannan na kusantar da su da magungunan ƙwari, waɗanda wasunsu ke cikin rukunin sinadaran da kan daɗe a ƙasa da ruwa ba su ruɓe ba.

Rukunin ya ƙunshi DDT, da lindane da aka sani da Gammalin, da sinadarin PCB na man tsofaffin taransifoma, da dioxin da ke fita daga ƙona shara da robobi. Yarjejeniyar Stockholm ta 2001, wadda ta fara aiki a 2004 kuma Najeriya na cikinta, ta haramta ko ta taƙaita guda 12 da farko, sannan aka ƙara lindane a 2009.

Sinadaran na taruwa ne a cikin kitse. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da kashi 90 cikin 100 na dioxin da ke shiga jikin mutum ta abinci yake shiga, musamman nama, madara da kifi, kuma sai bayan shekaru 7 zuwa 11 rabinsa ke fita. Saboda haka abin da mace ta tara tun tana budurwa kan ratsa mahaifa ya kai ga ɗan tayi, daga baya ya bi ta nono.

An ga illar a Japan a 1968 da Taiwan a 1979, lokacin da PCB ya gurɓata man girki. Matan da suka ci sun haifi jarirai marasa nauyi masu duhun fata, wasu kuma suka samu jinkirin koyo.

Duk da haka, hukumar ba ta ce a daina shayarwa ba, domin amfanin nono ya rinjayi haɗarin. Shawararta ita ce nono zalla na watanni shida, a ci gaba har shekaru biyu.

Kariyar tana farawa daga gida: mai ciki ta guji yin feshi da hayaƙin bola, kada a zuba ruwa ko abinci a galan ɗin magani, a kauce wa kifin da aka kama da guba da naman da aka babbake da taya. Wadda ta yi aiki da magungunan gona ta shaida wa ma'aikatan lafiya ranar awon ciki.