Cokalin Man Gyaɗa a Bakin Rumbu

A ƙauyenmu da ke ƙasar Kiru, kakata ba ta ajiye wake sai ta shanya shi ya bushe ƙayau, ta zuba masa ɗan man gyaɗa, ta cuɗa, sannan ta rufe tulu. Sai da na shiga jami'a na fahimci hikimarta: man yana lulluɓe ƙwayar waken, ya toshe wa ƙwan ƙwaro iska, ya mutu tun bai ƙyanƙyashe ba.

Wannan dabara ta rayu ne a zamanin yalwar gyaɗa. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama dukiyar talaka, mata suna matse mai suna toya ƙuli-ƙuli a cikin gidajensu. Annobar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 ta karya wannan arziki. A daidai wannan zamani aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji, noman zamani ya bunƙasa. Sannu a hankali maganin feshi ya bazu har Tudun Wada da Doguwa, daga gona kuma ya bi amfani zuwa cikin buhu.

Sakamakon bai ɓoyu ba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya, saboda sinadarin kashe ƙwari da aka samu a cikinsa ya wuce ƙima. Irin wanda aka ƙi a can, mu muke dafawa a nan.

Yau a kasuwar Kwanar Dangora ina jin masu talla suna cewa man habbatus sauda yana wanke guba, ya ƙarfafa garkuwar jiki. Gwajin da aka yi a kan ɓeraye ya nuna yana rage ɓarnar wasu sinadarai, amma ɓera ba mutum ba ne. Mafi haɗari ita ce al'adar ɗura wa wanda ya sha fiya-fiya mai, domin ana ɓata lokacin da ya kamata a ruga da shi asibiti.

Kakata ba ta taɓa jin kalmar garkuwar jiki ba, amma ta kare tamu, domin ta tare gubar tun daga bakin rumbu. Bana da hannuna na cuɗa waken gidanmu da mai, ƙannena suna kallo.