Dajin Ƙasar Rano Jiya Da Yau

 Da yawanmu za su tuna yadda muke dawowa daga hutu da ƙullin garin ɗorawa da tsamiya a akwati. Ni nawa daga gonar mahaifina a ƙasar Kibiya nake kawowa. Bara da na je gida na tarar da ɗorawar nan tana nan daram, amma kurmin bayan gari inda muke kiwo ya zama fili fetal. Sai na tambayi kaina: me ya tsare wannan, me kuma ya cinye wancan?

Rano tana cikin Hausa Bakwai, kuma ita da Kano aka sani da rini. A wancan zamani daji yana da masu shi. Mai unguwa da dagaci su ne idon sarki, ba wanda zai sare ɗorawa ko kaɗanya haka kawai ba a tuhume shi ba.

Da Turawa suka zo sai aka shigo da tsarin gandun daji a ƙarƙashin En'e. A shekarun 1940 aka keɓe dajin Kogin Kano da ke kudu da mu, a shekarun 1960 kuma aka mai da shi wurin kiyaye namun daji, wato Falgore. Daga 1971 zuwa 1974 gwamnatin marigayi Audu Bako ta gina madatsar ruwa ta Tiga a kan wannan kogi. Ruwanta ne ya raya noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure. To amma kogin ta cikin Falgore yake biyowa. In aka sare itatuwan, ruwan sama zai kwaso ƙasa da yashi ya zuba a madatsar. Ashe mai shinkafa a Kura da mai gatari a Falgore igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

Daga nan iko ya yi ta sauya hannu. A 1976 aka yi gyaran ƙananan hukumomi, a 1978 aka kafa dokar da ta damƙa ƙasa amana a hannun gwamna. An ƙirƙiro masarautar Rano a 1981, aka soke ta a 1983, aka dawo da ita a 2019, sannan a 2024 ta koma mai daraja ta biyu, da Rano da Kibiya da Bunkure a ƙarƙashinta. Itace kuwa shekaru yake ɗauka kafin ya yi inuwa. Da mai daji ya zama ofis mai nisa, sai masu gawayi da masu itacen girki suka samu ƙofa. Wajen 2015 har ɓarayin shanu sun mai da Falgore maɓoya, sai da jami'an tsaro suka shiga.

Ɗorawar mahaifina ta tsira ne domin kowa ya san mai ita, kuma ana cin kalwarta duk shekara. Maƙwabtanmu na Maraɗi sun tabbatar da haka. Tun shekarun 1980 manoma suka daina ƙone tohon kututture, suna barin gawo da sauransu su girma a gona. Da suka tabbata itacen nasu ne, sai miliyoyin kadada suka sake yin kore a kudancin Nijar.

Don haka ina ba ƙungiyarmu shawara. A cikinmu akwai kansiloli da malaman gona da masu sarauta. In za mu dasa itace a daminar bana, kada mu tsaya ga bikin dashe. Kowane dashe a ba shi mai shi, da sunansa, wanda zai ba shi ruwa kuma ya ci amfaninsa. Allah Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya sa jikokinmu su tarar da inuwa, amin.