Neman Asali a Ƙasar Kura da Bunkure: Takardun Haraji da na Gado

Wanda ya tashi neman asalin kakanninsa a ƙasar Kura da Bunkure, ya sani tun da fari ƙidayar Gwamnati ba za ta kai shi ko'ina ba. An yi ƙidaya a 1931, da 1952, da 1963, amma abin da aka buga jimla ce kurum, maza kaza, mata kaza, ba sunan kowa. Ta 1931 ma yawancinta daga lissafin haraji aka tsamo ta. Saboda haka ƙidayar da ke da amfani ga mai wannan bincike ita ce wadda En'e ke yi kowace shekara don haraji, sa'ad da malamin hakimi ke bin dagatai da masu unguwa yana rubuta magidanta.

Sai dai a riƙe ta da hankali. Mutum ba ya murnar shiga littafin haraji, don haka akan ɓoye samari, akan rage baƙi. Mata kuwa sai adadinsu. Ga kuma wahalar suna: Audu ɗan Musa na iya zama goma a unguwa guda, in ba laƙabi ko sana'a ta raba su ba. A nan Kura ta yi sa'a, gama gari ne na marina da mabuga, kuma baƙin yadinta, watau ɗan Kura, har Agadas Buzaye ke kai shi. An soke haraji a Jihar Kano a 1979, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, rubutun magidanta na shekara shekara ya tsaya ke nan.

Wasiyya fa ba ta da yawa a ƙasar nan, dalili kuwa a fili yake. Shari'a ta riga ta yanka wa kowane magaji rabonsa, wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yi wa magaji. To, abin nema shi ne littafin alkali na rabon gado. Da yake ana cire ushira daga tarika, tilas a ƙididdige dukiya, a jera magada, matan aure da 'ya'ya mata duka. Wadda littafin haraji ya manta da ita, a nan za a gan ta da sunanta. Shari'o'in majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914, waɗanda Allan Christelow ya fassara ya buga a 1994, sun nuna irin abin da ke kwance cikin waɗannan takardu.

Bayan gina madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, ma'aikatar ruwa ta baje gonakin wajen Kadawa ta sake raba su fili fili. Tsohuwar iyaka, ko kuka ce ko jan gamba, wadda dattijo kan nuna ya ce nan kakan wane ya fara sara, ta tafi. Zancen gadon gona ya koma kan takarda.

Kada kuma iyakar jiha ta ruɗi mai bincike. Jihar Kano ta 1967 ce, Jigawa ta fita daga cikinta a 1991. Kakan da ya taso daga Dutse ko Birnin Kudu a zamanin Turawa bai bar ƙasar Sarkin Kano ba, takardunsa suna cikin fayilolin Lardin Kano a ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna. Na Damagaram kuwa sai an tsallaka Nijar, a sami mai karanta Faransanci.