Kiɗan tare a Yamai: ilimin da har yanzu ba shi da difulom

 Yau hirarmu ta tarihi a kan kiɗa take, amma ba kiɗan mutum ɗaya ba. Muna nufin kiɗan tare, inda mutum shida ko goma za su hau dandali, kowa da abin kiɗansa, sauti ya fito kamar daga hannu guda. A ina ake koyon wannan a ƙasarmu? Wa ke koyar da shi, kuma wace takarda ake ba wanda ya ƙware?

A jami'o'in Turai da Amurka akwai karatu mai zurfi, har matakin mastar, da ba a koyar da komai a cikinsa sai wannan. Ɗalibin da ya riga ya iya abin kiɗansa zai zauna shekara biyu cikin ƙaramin rukuni yana koyon sauraren na kusa da shi: yaushe zai shiga, yaushe zai yi shiru, yaya za a gyara idan wani ya kauce ba tare da ƴan kallo sun gane ba. Jarabawarsa a kan dandali ake yinta.

To mu ma muna da wannan ilimi tun kafin zuwan lakwal. A fadar Damagaram, ko a Maraɗi da Tasawa, makaɗin fada ba shi kaɗai yake tafiya ba. Akwai ƴan amshi, akwai masu ganguna, akwai masu kakaki da algaita, akwai sanƙira mai ƙara wa magana gishiri. Yaro yakan fara da ɗaukar kaya, ya koma ƙaramar ganga, ya yi shekaru yana amshi kafin a bar shi ya ja baiti. Wanda ya saurari waƙoƙin Ma'azu Ɗan Alalo ya san cewa rabin daɗinsu yana wurin yadda ƴan amshi ke karɓa daidai inda ya aje. Makaranta ce sosai, sai dai ta gado ce, ɗan da ba na gidan ba da wuya ya samu shiga.

Bayan ƴancin kai a 1960, maƙwabtanmu sun riga mu ɗaukar abin da muhimmanci. Gine ta Seku Ture ta mayar da orkestoci irin su Bembeya Jazz na gwamnati, da albashinsu. Mali kuwa ta tura matasa goma birnin Havana na ƙasar Kuba a tsakiyar shekarun 1960 su yi karatun kiɗa, cikinsu har da Boncana Maïga, kuma a can suka kafa Las Maravillas de Mali. A Nijeriya, jami'ar Nsukka ta buɗe sashen kiɗa tun farkon shekarun 1960. Mu a nan, ƴan orkesta da kunne suka koya, daga faifai da rediyo, a gidajen rawa na Yamai da Maraɗi da Tawa. Zamanin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, samariya da bikin matasa na ƙasa sun haɗa rukunoni da yawa a kowace jiha, amma da an gama gasa sai kowa ya koma gona ko ofis.

Sauyin ya zo a ƙarshen shekarun 1980. A 1987 aka fara gasar Prix Dan Gourmou, wadda ta ɗauki sunan sanannen makaɗin nan na Tawa. Gasar ta fito da masu murya, ta kuma tona wani asiri: mawaƙa muna da su, masu raka su da kiɗa cikin tsari ne suka yi ƙaranci. A 1989 aka buɗe cibiyar horas da makaɗa ta CFPM a nan Yamai da tallafin asusun raya ƙasashe na Turai, aka sa mata sunan marigayi Elhaji Taya, jagoran orkestar International de la Capitale.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya, don abin da aka yi a cibiyar Taya shi ne mafi kusa da wancan karatu na jami'a da muka ambata. An koyar da solfej, wato karanta kiɗa a rubuce. An tara kayan kiɗan gargajiya na ƙabilun ƙasar nan wuri guda. Abin da ya fi duka, an zaunar da mai gita da mai molo da mai kalangu a ɗaki ɗaya, aka ce su nemi hanyar da za su fahimci juna. Ba ƙaramin aiki ba ne. Gita an ɗaure ta a kan ma'aunin Turawa, molo da sarewar Fulani suna da nasu ma'auni, kalangu kuma magana yake yi, yana bin hawa da saukar harshe. Kafin su daidaita sai an yi watanni ana bita, wani ya rage, wani ya ƙara. Cibiyar ta kuma samu jagorancin mutane irin su Mahaman Garba, wanda ya yi digirin dakta a Faransa a kan kiɗan Hausawan Nijar.

Daga wannan ɗakin bita ne rukunin Takeda ya fito, sannan a 1995 Yacouba Moumouni, wanda muke kira Denke-Denke, da Abdoulaye Alhassane suka kafa Mamar Kassey. Ku sake sauraren faifansu na 1999 da kunnen basira. Sarewa tana gaba, ƙwarya da kalangu suna riƙe da tafiya, gitar bas tana ƙasa, ba mai taka wani. Da wannan suka zaga Turai da Amurka. Mu da muka taso muna zuwa kallo a unguwar Filato, a dandalin da muka daɗe muna kira CCFN Jean Rouch kusa da gidan tarihi na Boubou Hama, mun ga irin wannan haɗin kai da idonmu, mun kuma gan shi wurin rukunin Sogha lokacin wasannin Farankofoni na Disamba 2005. Tal National ta Almeida, wanda ya yi aikin alƙali da rana, ita kuma tata makarantar ita ce yawan hawa dandali, sa'o'i a jere, dare bayan dare.

Sai dai cibiyar Taya ba jami'a ba ce, kuma da kuɗin waje suka janye ta sha wahala. Jami'ar Abdou Moumouni, wadda aka aza tubalinta a 1971, ta daɗe ba ta da gurbin masu fasaha. Daga baya ta buɗe sashen fasaha da al'adu, abin a yaba. Amma a ganinmu, nazarin kiɗa a kan takarda daban, zama cikin rukuni ana bita daban. Kuma akwai wani ƙulli: waɗanda suka fi kowa sanin abin, tsofaffin masu kalangu da goge da gurumi, yawancinsu ba su da difulom ɗin da zai ba su damar tsayawa gaban ɗalibai. Ɗaliban da ke da difulom kuma ba su zauna gabansu ba.

A halin yanzu matashi mai kwamfuta ɗaya yana haɗa ganga da gita da algaita shi kaɗai cikin ɗaki, kuma ba mu ga laifinsa ba, kuɗin biyan mutum takwas ba wasa ba ne. Amma ranar da aka gayyace shi ya hau dandali da makaɗa na gaske, nan ake ganin giɓin.

Mun ga yadda abu ke kusan ɓacewa. Biram, abin kiɗan Buduma na tafkin Cadi mai tsirkiya biyar, saura ƙiris ya tafi tare da Boukar Tar, gwaninsa na ƙarshe. Malam Maman Barka, tsohon malamin lakwal kuma gwanin gurumi da ke aiki a cibiyar Taya, shi ya tashi ya je can a 2002 da tallafin UNESCO ya zauna gabansa ya koya. Ya dawo da biram Yamai, ya haɗa shi da gangunan Oumarou Adamou, su biyu suka kai shi har Turai. Malam Barka ya rasu a watan Nuwamba na 2018. Allah ya jiƙansa da rahama.