Jini Ɗaya, Mudu Biyu

A zauren kakana da ke Madabo na fara jin sunan Tsofo Gubba, ina yaro mai kai wa ɗalibai ruwan alwala. Unguwarmu matattarar fiƙihu ce tun zamanin malaman Wangarawa, kuma a Kano idan aka ambaci Muhtasar na Shehu Halilu, Madabo ake tunawa. Duk sa'ad da karatu ya kai babin jini, sai tsohon ya ajiye takarda, ya ce a nan ne Turawa suka taɓa cewa alƙali ya yi kuskure, alhali bai kauce wa littafi ko da wasali guda ba. Sai da na girma na bi sawun maganar, sannan na gane abin da ke ci masa rai.

Tsofo Gubba mutumin ƙasar Gwandu ne da ya kashe kwarton matarsa. Kotun Sarkin Gwandu ta same shi da laifin kisan ganganci, ta yanke masa hukuncin kisa. A mazhabar Malikiyya hukuncin bai da wani lauje cikin naɗi. Kisa ko dai na ganganci ne ko na kuskure, kuma wanda ya kai wa mutum hari da nufin cuta har rai ya fita, ya yi ganganci, komai zafin da zuciyarsa ta ɗauka. Ƙara ta yi ta hawa har ta isa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma, wadda a 1947 ta soke hukuncin. Hujjarta ita ce, a kundin laifuffuka na Turawa, wanda aka tunzura tunzuri mai tsanani, ya yi kisa kafin hankalinsa ya dawo jikinsa, ba a kashe shi, ɗauri ne nasa. Ta kuma fassara wani gyara da aka yi wa kundin a 1933 da cewa ya ɗaure kotunan sarakuna su ma, matuƙar laifin yana cikinsa.

A Ingila, inda alƙalan nan suka yi karatu, mutum goma sha biyu ake zaɓowa daga cikin jama'a, ana kiransu juri, su ne ke cewa an yi laifi ko ba a yi ba. Aikin alƙali shi ne ya warware musu doka kafin su keɓe. Saboda haka idan aka ɗaukaka ƙarar kisa, bayanin nan ake tonawa: ya gaya musu mene ne tunzuri? Ya gaya musu a wuyan wa hujja take? A ƙasar Hausa babu juri. Sarki ne ke zama da alƙalai da 'yan majalisarsa, hukuncin kisa kuma ba ya zartuwa sai Gwamna ya sa hannu. Da kotun sama ta nemi inda aka karkace, ba ta same shi a fahimtar masu hukunci ba. Abin da ta tuhuma shi ne littafin da suka buɗe.

Wannan ne ya tayar da hankalin sarakuna da malamai, har da na Kano a zamanin Sarki Abdullahi Bayero. A ganina suna da hujjar da ba a cika yi mata adalci ba. An ɗauka shari'arsu ba ta san sassauci ba, alhali ƙofar sassaucinta a wani bango take. Ƙisasi haƙƙin waliyyan jini ne. Suna iya yafewa, suna iya sulhu a kan diyya, kuma idan suka yafe, mai kisan ya sha bulala 100 da ɗaurin shekara guda. Kundin Turawa zuciyar mai kisa yake tambaya, fiƙihu kuma dangin mamaci. Sai dai ban yarda da kakana a kan komai ba. Wanda ya kashe ɗan gidan da ba su da niyyar yafiya, ransa ya rataya ke nan a kan halin mutanen da ke cikin zafin rashi, kuma mutum biyu masu laifi iri ɗaya suna iya rabuwa, ɗaya kushewa ɗaya gida.

Shekaru goma aka yi ana ja-in-ja. A 1948 aka yi dokar da ta mayar wa kotunan gargajiya ikon hukunci da shari'arsu, aka sake taɓa ta a 1951, aka kafa kotun ɗaukaka ƙara ta Musulmi a 1956. Sannan a 1957, a ƙarar Maizabo da Hukumar En'e ta Sakkwato, Kotun Ƙoli ta Tarayya ta ce alƙali ya yi shari'a da littafinsa, amma kada horonsa ya wuce abin da kundin Turawa ya tanada ga wannan aiki. Wato ya auna laifi da mudu ɗaya, ya auna horo da wani. Malamin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan Risala da Muhtasar sai ga shi ana neman ya binciki tunzuri, abin da babu babinsa a karatunsa.

Gwamnatin Sardauna ce ta yanke igiyar. A 1958 ta kira kwamitin masana ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, tare da Mai Shari'a Muhammad Sharif na Pakistan, da Farfesa Anderson na Landan, da 'yan ƙasa irin su Shettima Kashim. Daga shawararsu aka sami kundin Final Kod, wanda ya fara aiki ran 30 ga Satumba, 1960, ana jajibirin samun 'yanci. Sashe na 221 ya tanadi kisa ga mai kisan kai, na 222 ya cire wanda aka tunzura farat ɗaya. Waliyyan jini ba a kore su gaba ɗaya ba: an ce kotun gargajiya ta kira su ta rubuta abin da suke so kafin ta yanke hukuncin kisa, amma maganarsu ta koma shawara ga masu ikon afuwa. Kafin shekara goma ta cika, mulkin soja ya rushe kotunan sarakunan su kansu.

Kakana bai daina karantar da babin jini ba har ya rasu. Kofinsa na Muhtasar yana hannuna, warwara ne cikin gafaka, kuma takardun wannan babi sun fi sauran duhun gefe saboda yawan juyawa. A gefen layin da ke maganar yafiyar waliyyai ya rubuta sunan Gwandu da ajami, ya ja masa layi biyu da jar tawada.