Baƙo da Mallakar Gida a Ingila: Tarihin Wata Dama

Abin da za mu duba yau shi ne matsayin baƙon da ya sayi gida a ƙasar da ba tasa ba. Na zaɓi Ingila domin ita attajiranmu da manyan ma'aikatanmu suka fi sani, kuma a can da yawa daga cikinsu suke ajiye dukiya. Abin da nake so in nuna shi ne, damar da baƙo yake da ita a can majalisa ce ta ba shi, kuma takan faɗaɗa ta ko ta ƙuntata ta gwargwadon bukatar ƙasar.

Bari mu fara daga tushe. Bayan da Wiliyam na Nomandi ya ci Ingila da yaƙi a 1066, sai aka kafa ƙa'idar cewa ƙasa duka ta Sarki ce, duk wanda ke riƙe da fili kuwa yana riƙe da shi ne bisa mubaya'a da hidima. Da Sarkin Ingila ya rasa Nomandi a 1204, sai ya ƙwace filayen hakiman da suka bi Sarkin Faransa. Sannu a hankali shari'a ta tsaya a kan cewa wanda aka haifa ƙarƙashin wani sarki dabam ba ya gadon ƙasa a Ingila, in kuwa ya saya, Sarki yana da ikon karɓewa. Fatake ne kaɗai aka yi wa sassauci, watau aka bar su su yi hayar gidan zama da ciniki. Wanda ke son fiye da haka sai ya nemi takardar alfarma daga Sarki, ko kuwa majalisa ta yi doka ta musamman da sunansa.

Shari'ar Robert Calvin ta 1608 ta fito da wannan ƙa'ida fili. Yaro ne da aka haifa a Sikotilan bayan 1603, shekarar da Sarkin Sikotilan, Jemis, ya hau gadon sarautar Ingila, aka kuwa hana shi wani gida a Landan bisa hujjar cewa baƙo ne. Alƙalai suka yanke cewa tun da an haife shi talakan Sarkin da ke mulkin ƙasashen biyu, yana iya mallaka. Ku lura, a wannan zamani mubaya'a ake tambaya kafin a tambayi kuɗi.

Al'amari ya juya a ƙarni na goma sha tara, sa'ad da Landan ta zama cibiyar cinikin duniya, 'yan kasuwa da masu banki suka yi ta kwararowa daga Turai. Dokar 1844 ta yarda baƙo ya riƙe gida na haya har shekara 21. Sa'an nan dokar 1870 ta ba shi ikon saye da sayarwa da barin gado kamar ɗan ƙasa, amma ba ta ba shi ƙuri'a ko muƙami ba. Wannan doka ce asalin damar da mai saye daga Kano ko Legas yake mora a yau.

Ba a cika shekara hamsin ba sai aka ga iyakarta. Da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke a 1914, sai majalisa ta naɗa mai riƙon dukiyar abokan gaba, aka damƙa masa kadarorin Jamusawa, bayan yaƙi kuma Yarjejeniyar Basai ta 1919 ta halatta a sayar da su. Takardar mallaka ba ta tsare mai ita ba, gama ƙasarsa ce ta shiga yaƙi.

Yayi na gaba ya zo da kuɗin mai. Bayan tashin farashin mai a 1973, Larabawa suka sayi gidaje da otal-otal a tsakiyar Landan, a 1979 kuma gwamnati ta soke dokokin taƙaita shige da ficen kuɗi. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991 attajiran Rasha suka biyo sahu. Da yawa sun saya da sunan kamfanonin da aka yi wa rajista a wasu tsibirai, har ya zamana ba a san ainihin mai gida ba. Ta irin wannan hanya kuɗin sata ma suka shiga. A 2012 wata kotu a Landan ta ɗaure tsohon gwamnan Jihar Delta, James Ibori, shekara 13, cikin abin da aka bankaɗo kuwa har da gidajen da ya saya a Ingila.

Da gidaje suka yi wa 'yan ƙasa tsada, ƙorafi ya yi yawa, sai hukuma ta shiga matsawa. A 2015 aka ɗora wa mazauna waje harajin ribar sayar da gida. A 2017 harajin gado ya hau gidajen da aka ɓoye bayan kamfanonin waje. A 2018 kotuna suka sami ikon tilasta wa mutum ya bayyana inda ya samo kuɗin saye. A 2021 aka ƙara kashi 2 cikin ɗari a kan harajin saye ga wanda ba mazaunin ƙasar ba. A 2022, bayan Rasha ta mamaye Yukiren, aka hana wasu attajiranta taɓa kadarorinsu, aka kuma wajabta wa kamfanonin waje bayyana masu su.

Wane darasi ke cikin wannan tarihi? Na farko, sayen gida a Ingila ba ya ba mutum izinin zama, ana iya hana mai gida biza alhali gidansa na nan. Na biyu, yawancin gidajen da ke cikin dogayen benaye haya ce mai dogon wa'adi, sau da yawa shekara 99 ko 125, filin kuwa na wani ne. Na uku, gadon gida yana bin dokar ƙasar da gidan yake. Wanda ya rasu bai bar wasiyya a rubuce ba, da dokar Ingila za a raba gidan, harajin gado kuma yana kai kashi 40 cikin ɗari na abin da ya haura fam 325,000. Na huɗu ya shafi ma'aikaci musamman: Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya wajabta masa bayyana dukan kadarorinsa, rufin asirin da ake samu a Landan dā kuwa ya ragu ƙwarai.

Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Wanda zai kai guminsa wata ƙasa, lalle ya kamata ya karanta dokarta ta yau, ya kuma tambayi yadda ta yi da baƙi a lokacin yaƙi da lokacin tsada, domin a nan ne zai san ƙarfin takardar da za a miƙa masa.